Rabin Hoton Auta

Ran Lahadi da sassafe Gazali, mai kula da dawakin Baba Ishaƙu, ya ɗauko ƙwaryar dusa ya nufi bayan gida, ya tarar da turke tsaye shi kaɗai. Farar goɗiyar nan babu ita. An tsaga zanar baya da wuƙa daga sama har ƙasa, sawu ya fita ta nan ya bi lungu, ya ɓace cikin sawun shanun da suka wuce kiwo. Gazali ya ajiye ƙwaryar, ya ɗora hannu a ka, ya kurma ihu.

Baba Ishaƙu bafataken gashin jimina ne, kuma duk Tasawa an san goɗiyar nan ta fi masa raƙuma goma. Aka bazama nema har Hawandawaki, aka dawo hannu rabbana. Kwana uku shiru. Ran Laraba sai ga Cha'ibu, dillalin dawaki, ya shigo zauren alƙali da wata 'yar takarda a tafin hannu, yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hoto ne. A lokacin Turawa ba su taka ƙasar ba tukuna, labarinsu kawai ake ji a bakin fatake, kuma akwatin hoto ɗaya ne tak a garin. Na wani baƙo ne, Abdulmumini, mutumin Damagaram da ya bi ayari zuwa Tarabulus yana jan raƙumi, ya yi shekara goma sha ɗaya a can yana yi wa wani mai ɗaukar hoto aiki. Ya dawo da akwati mai ƙafa uku da ido ɗaya, da kwalaben magani, da fallayen gilashi naɗe cikin auduga, ya ƙetare hamada da su bai fasa ko ɗaya ba. A gidan Cha'ibu ya sauka. Mutum zai tsaya gaban akwatin, Abdulmumini ya lulluɓa da baƙin zane ya buɗe idon, ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke gilashin, ya ɗora shi bisa takarda a rana. Kafin la'asar ga ka nan zaune a takarda da geminka da komai. Wasu na cewa sihiri ne, amma su ma sukan zagayo su leƙa.

A hoton da Cha'ibu ya kawo, ga wani makiyayi Bafillace da ake kira Auta, tsaye ya miƙa hannun dama. Ga igiya ta taso daga wajen hannun zuwa wuyan goɗiyar Baba Ishaƙu.

Cha'ibu ya ce, “Allah gafarta malam, baƙona ya tahi Mayahi tun Asabar, ya bar akwati gidana. Lahadi rana na ɓullowa na hiddo shi bayan gida in kaɗe ƙura, sai ga wanga yaro da goɗiya. Na buɗe idon akwati ya kama shi. Ban hwaɗa ba sai da mai akwati ya dawo jiya ya wanke, don kada a ce ƙazahi na yi.”

Alƙali ya sa shi rantsuwa. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa shi da hannunsa ya buɗe idon akwatin, kuma goɗiyar tana gabansa.

Mutanen zaure suka ce ai gani ya kori ji. Alƙalin tsoho ne mai taka-tsantsan, ya ce littattafansa shaidu biyu suka ambata, ba su ce komai a kan akwati ba. Amma ga abu a takarda ƙuru-ƙuru, ya rasa ta inda zai ƙaryata shi. Ya sa dogarai suka kamo Auta, ya ce ya ba da wa'adi zuwa Asabar. In babu wata magana da ta ɓullo, za a yanke masa hannun dama.

Ran Alhamis da hantsi uwar Auta, Halimatu mai tallar nono, ta zo gindin tsamiyar bakin kasuwa inda Mai Nasara wanzami yake aski. Ba ta ɗauko ƙwarya ba ranar. Ta durƙusa gefe har ya gama da kan da ke hannunsa.

“Wanzami, kai kaɗai na sani cikin garin ga,” ta ce. “Ɗana bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Makiyayi ba hannu, mi ya rage mashi?”

Mai Nasara bai iya karatu ba, amma babu kan namiji a Tasawa da ƙauyukanta da bai bi ta hannunsa ba cikin shekara talatin. Ya san tabon kowa, ya san wanda furfura ta fara yi wa sallama. Kuma yana da wata baiwa da aka fi yaba masa: in ya ga abu ba ya saurin faɗa. Ya wanke askarsa, ya rataya zabira, ya ce mata ta koma ruga ta jira.

Ya je zauren alƙali ya roƙi a nuna masa takardar. Duk wanda ya duba hoton nan goɗiya yake kallo da igiya. Shi wanzami, ina zai duba in ba kai ba? A ƙarƙashin hular Auta ga kitso biyu sun sauko ta gefen kunne, irin na samarin Fulani. Mai Nasara ya daɗe yana kallon su, don shi da kansa ya aske kitson nan ran Alhamis ɗin da ta wuce, a rugarsu ta hanyar Baudeta, ranar sunan ɗan farin Auta. Ya duba goɗiyar kuma, ya ga wani ƙyalle ɗaure a ƙafarta ta gaba. Ya mayar da takardar, ya yi godiya, ya fita.

Auta yana ɗaure a rumfar dogarai, rawani ya rufe masa kai har kunne. Mai Nasara ya tsuguna gabansa ya fara tambayarsa.

“Ka taɓa tsayawa gaban akwatin nan?”

“Sau guda, Baba. Na hwaɗa masu ba su ji ba.”

“Yaushe?”

“Kwana biyu kahin suna. Mai akwati ya ce in miƙa hannu kamar zan gaisa da wani. Ya ce in dawo wata rana in tsaya ɗaya gehen, wai zan ga kaina ina gaisawa da kaina. Hidimar suna ta hana ni komawa.”

“Da goɗiya a wurin?”

“Wallahi ko akuya babu.”

Daga nan Mai Nasara ya nufi gidan Baba Ishaƙu. Gazali ne wanda aka fara zargi tun ran Lahadi, don ɓarawon gida ake fara dubawa. Mai Nasara ya ce masa sumarsa ta yi yawa, ya zaunar da shi bisa turmi ya jiƙa masa kai. Haka yake tambayarsa, da aska a hannu, don ya lura mutum ba ya iya shirya ƙarya mai kyau alhali ana juya masa kai.

“Ina ka kwana daren Asabar?”

“Zaure, tare da baƙin maigida biyu. Tambaye su. Kuma da ni ne, mi zai kai ni tsaga zana? Ƙofa tana hannuna.”

“Ƙyallen nan na ƙahwarta hwa?”

“Ni na ɗaura. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na ga tana ɗingishi, na yi mata lalas da ƙarhe mai zahi, na naɗe da tsumma.”

“Juma'ar ga da ta wuce? Ba ta gabanta ba?”

“Wagga dai. Maigida na tsaye anka yi.”

“Tana bin baƙo?”

“Wa? Ita? Sai ta tada unguwa da haniniya.”

“Amma ta hita shiru.”

Gazali ya ce in ban da shi da maigida, mutum ɗaya ne take yarda ya shafa ta. Cha'ibu ya zo sau uku da tayin wani attajiri na wajen Mayahi, maigida ya ce ba ta sayarwa ba ce. Duk zuwan da zai yi, da kanwa a aljihunsa yake zuwa ya ba ta ta lasa.

Mai Nasara ya goge aska a tafin hannu. Gazali ya fita daga zargi, baƙin zaure sun tabbatar da maganarsa.

Ran Juma'a, da Mai Nasara ya tabbatar Cha'ibu ya fita wajen dawakinsa, ya yi sallama a gidan Cha'ibun. Ya sami Abdulmumini a filin bayan gida, ya rame, idanunsa sun faɗa. Mai Nasara ya ce shi fa ya ji ana cewa akwatin nan yana sa mutum ya gaisa da kansa, ya zo ganin ikon Allah.

Mai sana'a ko yana cikin damuwa, in ka taɓo sana'arsa sai bakinsa ya buɗe. Abdulmumini ya ɗauko wani hoto ya miƙa masa. Ga Abdulmumini zaune yana dara, ga wani Abdulmumini a gabansa ya riƙe haɓa yana tunanin inda zai kasa. Mai Nasara ya juya takardar ya duba bayanta, ya kai ta rana, ya shafa tsakiyarta da ɗan yatsa yana neman ɗinki. Babu. Dariya ta kama shi har da hawaye.

“Kai, ɗan Tarabulus! Allah ya yi wa hannun ga albarka. Yaya kake yi?”

Abdulmumini ya buɗe bayan akwatin ya nuna masa wani siririn allo da ya sassaƙa da kansa, mai zamewa hagu da dama. In ya tura shi dama, sai ya rufe rabin gilashi, hasken rana ya taɓa rabin hagu kaɗai. Sai a rufe ido, mutum ya koma ɗaya gefen, a tura allon hagu, a sake buɗewa. Gilashin ba ya mantuwa, ko bayan kwana goma ne zai jira rabinsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada akwatin ya gusa ko da faɗin ƙwayar gero. Shi ya sa ya haƙa wa ƙafafunsa ramuka uku a ƙasa. Mahaɗar kuma a jikin wani ginshiƙin rumfa yake ɓoye ta, inda ido ba zai kama ba.

Mai Nasara ya je ya duba ginshiƙin. Daidai tsawon hannun mutum an kafa wata 'yar ƙusa sabuwa, ga zaren igiya maƙale a jikinta.

“Wa ke riƙe maka zane in kana aiki?”

“Mai gidan nan.”

“Rabin gilashin da ka ɗauki Auta, ina shi?”

Abdulmumini ya sunkuyar da kai, ya ce tun da hoton ya fara fitowa cikin ruwan magani ya gane shi. Tun ranar abinci bai yi masa daɗi ba.

“To mi ya rufe maka baki?”

“Baba, ni baƙo ne, tuwon gidan ga nike ci. Kuma in na ce akwati shina iya ƙarya, waɗanda ke cewa sihiri ne sun samu abin da suke so. Hwasa shi za su yi. Shekara goma sha ɗaya na yi kahin in same shi.”

Mai Nasara ya ji tausayinsa ƙwarai, don ya san abin da kayan aiki suke ga mai su. Ya dafa kafaɗarsa.

“Akwai wani akwati a Tarabulus?”

“Akwai.”

“To hannun Auta babu irinshi a Tarabulus. Gilashi nawa sunka rage maka?”

“Bakwai.”

“Gobe ka taho da guda.”

Ran Asabar da hantsi zauren alƙali ya cika har waje. Aka kawo Auta, Cha'ibu ya zauna gaba da babbar rigarsa. Mai Nasara ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce yana da roƙo ɗaya kafin a yanke hukunci. Yana so alƙali da kansa ya tsaya gaban akwatin. Zaure ya ɗau guna-guni. Alƙali ya dube shi ya ce in dai don hannun musulmi ne, ai tsayuwa ba ta gagara ba.

Abdulmumini ya kafa akwatinsa a ƙofar zaure yana fuskantar rumfa, ya shiga ƙarƙashin baƙin zanen. Ya ce alƙali ya tsaya gefen ginshiƙi ya miƙa hannu, kada ya motsa. Ya buɗe ido ya rufe. Alƙali ya koma cikin zaure ya ci gaba da wasu shari'u. Sai Mai Nasara ya jawo tsohon jakinsa mai yagaggen kunne, aka ɗaure igiyarsa a ginshiƙin, aka sake buɗe ido a gaban jama'a. Abdulmumini ya shige wani ɗaki da kwalabensa, dogari na gadin ƙofa.

Bayan la'asar ya fito ya miƙa takarda da hannu biyu. Ga alƙalin Tasawa da rawaninsa, tsaye ƙyam, yana jan jakin wanzami.

Mai Nasara ya ce, “Allah gafarta malam, na kawo ƙara. An sace mani jaki.”

Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, takarda ta zaga zaure ana salati. Sai dariyar ta ɗauke masa gaba ɗaya, ya sa a kawo hoton Auta ya jera su.

Mai Nasara ya ce a cire wa Auta rawani. Aka cire, ga kai tas, sai ɗan tohon kwana tara.

“Ni na aske kitson ga ran Alhamis ta makon jiya, gaban mutanen suna. Ga shi a takarda bai asku ba, ashe an ɗauki Auta kahin Alhamis. Ƙyallen ƙahwar goɗiya kuwa ran Juma'a Gazali ya ɗaura shi, gaban Baba Ishaƙu, ashe ita an ɗauke ta bayan Juma'a. Mutum da goɗiya ba su taɓa tsayawa wuri guda rana guda ba. Ku dubi hannun ma, a buɗe yake. Wane makiyayi ke jan dabba da buɗaɗɗen tahi? Gaisuwa ya miƙa.”

Cha'ibu ya yi wuf ya ce to ashe baƙon ne ya haɗa makircin, shi ne mai akwati.

Mai Nasara ya kira fatake biyu da suka yi tafiyar Mayahi tare da Abdulmumini. Suka shaida sun bar Tasawa da shi Asabar da safe, lokacin goɗiya na turkenta, ba su dawo ba sai Talata.

“Kuma ba sai mun wahala ba,” in ji Mai Nasara, ya juya ga Cha'ibu. “Kai da bakinka ka dahwa Alƙur'ani ka ce kai ka buɗe ido, goɗiya na gabanka. Wannan gaskiya ka hwaɗa. Tana gabanka ran Lahadi, ɗaure a ƙusar bayan gidanka, Auta kuwa ba shi nan. Goɗiyar da ke tada unguwa ta bi mai kanwa shiru. Ka san akwai rabin gilashi na jira, ka san ramukan ƙahwahu, ka koyi tura allo. Aikinka ya yi kyau, Cha'ibu. Kan mutum ne kawai ba ka duba ba, don kai ƙahwar doki ka saba dubawa.”

Da alƙali ya sake turo wa Cha'ibu Alƙur'ani, ya kasa miƙa hannu. Ya faɗi inda goɗiyar take, wani kango a wajen Gidan Amumune, inda mai saye zai aiko a karɓa. Ya ce ba shi da wata gaba da Auta, gilashinsa ne kawai ya tarar a shirye. Wannan maganar ta fi satar ɓata wa mutane rai. Alƙali ya tura dogarai biyu su taho da goɗiya, ya sa aka tsare Cha'ibu.

Wasu suka taso a kan a fasa akwatin. Abdulmumini ya je ya tsaya gefensa. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce daga yau akwati ba ya shaida a zaurensa. Amma ba za a taɓa shi ba, don mai shi ya tona asirin sana'arsa da kansa saboda wani bawan Allah da ba danginsa ba, kuma irin wannan baƙo gari ba ya korar sa. Baba Ishaƙu ya miƙe ya ce baƙon ya kwaso kayansa ya koma gidansa, shi zai zama mai masaukinsa. Hoton jakin kuwa alƙali ya saka shi cikin gafakarsa, ya ƙi mayarwa.

Aka kwance Auta. Igiya ta kumbura masa wuyan hannu, ya tsaya yana murzawa, ya rasa wa zai fara yi wa godiya. Halimatu tun safe tana rakuɓe a bayan zaure inda mata ke tsayawa. Ta kutsa cikin maza ba ta ko sunkuya ba, ta kama hannun damansa ta juya shi ciki da baya. Sai ta shiga ƙirga yatsun da Fillanci, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa jariri ranar da aka haife shi. Ta kai biyar, ta koma ta sake daga farko.